Kawo Wayarka In Tura Maka

A garin Bauchi ba a cika yi wa mutum dogon bayani a kan waƙa ba. Idan abu ya yi wa abokinka daɗi, iyakarsa ya zare kunne ɗaya na iyafis ya cusa maka, ya tsaya yana kallon fuskarka. In ya ga ka fara gyaɗa kai, sai ya ce, "Mutumina, kawo wayarka." Kafin mai shayi ya gama soya ƙwan da kuka ce a sa muku, Xender ta gama nata aikin. Haka waƙa take yawo daga Wunti zuwa Yelwa, daga Bakin Kura zuwa Fadaman Mada, babu talla, babu mai tambayar wa ya yi ta. Sau da yawa ma ba ta zuwa da suna. Lambobi ne a jere, ko kuwa wani mai tura waƙoƙi a kasuwa ya gaji da tunani ya rubuta "Buzaye 3" ya huta.

Waɗannan marasa sunan su ne abin tsokacina. Akwai kiɗan da kusan kowa a garin nan ya taɓa ji, amma da wuya ka sami wanda zai faɗa maka makaɗinsa. Bi ta GRA bayan isha'i, inda masu gadi ke zaune a bakin get, rawani ya rufe rabin fuska, 'yar butar shayi na kan gawayi, za ka ji shi yana fitowa daga wata ƙaramar waya da aka jingina da bango. Jita ce ta lantarki, tana nanata magana ɗaya tana jujjuya ta, tafi na biye da ita, mutum ɗaya ya bayar, saura su amsa. Mu kuwa sai mu yi sallama, mu ce, "Baba, ya aiki?", mu wuce abinmu.

Kiɗan nan da muke wucewa, shi ne mutane ke yankar tikiti su cika zaure a Landan da Paris su kalla, kuma masu rubutu a kan kiɗa a can suna jera shi sahu ɗaya da rok, wato kiɗan jita da ganguna mai amo da Turawa suka shahara da shi tun shekarun 1960. Shi ya sa idan wani ƙane ya tambaye ni ta ina zai shiga wannan harka, ba na tura shi Ingila. Daga Bauchi, hanyar rok mafi kusa ta arewa take: Kano, Damagaram, sai Agadas.

Wanda nake fara bai wa mutane shi ne Mdou Moctar, kuma akwai son kai a ciki, domin da hannun Nijeriya a tashinsa. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, ɗan jihar Tawa ne a Nijar, bahago ne, kuma ya fito daga gidan da ba a maraba da kiɗa, irin gidajen da muka sani a nan. Jitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa ta, da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya tsallako Sakkwato, ya shiga situdiyo irin wadda ake buga waƙoƙin finafinan Hausa, ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Duk Bahaushen da ya saurari kundin nan sai ya yi murmushi, don kayan aikin duk na gidanmu ne: gangar kwamfuta, da na'urar nan mai lanƙwasa murya da ta cika waƙoƙin Kannywood na wancan lokaci. Harshen ne kawai Tamashek, na Abzinawa. Ba a buga kundin an baza a shaguna ba. Ta memori da Bluetooth ya bi duniya, daga wayar direba zuwa ta ɗan kasuwa, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke bin mutane yana kwafar abin da ke cikin wayoyinsu, ya tsinci ɗaya daga waƙoƙin, ya sa ta cikin wani tari da ya fitar a 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones. Sai da ya yi cigiya kafin ya gano mai ita. Ashe dai ɗabi'ar nan tamu ta tura-min-in-tura-maka tana iya kai mutum Amurka.

Amma ba Anar nake turawa ba, sai ga wanda ya riga ya kamu yana neman asali. Afrique Victime nake turawa, na 2021, wanda kamfanin Matador ya fitar. Mutum huɗu ne: Mdou da jitar gaba, Ahmoudou Madassane da jitar da ke riƙe zaren kiɗan, Souleymane Ibrahim a kan ganguna, sai Mikey Coltun, Ba'amurke, da jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes. Waƙar da kundin ya ci sunanta ta haura minti bakwai. A natse take farawa. Ganga na ƙara gudu kaɗan-kaɗan ba ka ankara ba, can sai jita ta ɓalle, ta yi sama tana kururuwa, sauran ukun na bin ta a guje, ba wanda ya yar da wani. Wannan ƙarin gudun shi ne abin lura. Kwamfuta ba ta yin sa da kanta. Gudun da ka saita mata, a kansa za ta ƙare. Sai mutanen da ke kallon idon juna ne ke iya ɗaga kiɗa tare, yadda masu kalangu ke yi idan rawa ta yi zafi a fili.

Wanda ya biyo baya, Funeral for Justice na 2024, ya fi zafi, a kiɗa da a magana. A ciki yana caccakar Faransa, yana kuma kiran mutanensa su riƙe harshensu kada ya ɓace. Mutumin da ya fito daga ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma ta daɗe tana sayen wutar lantarki daga Nijeriya, yana da abin faɗa; mu da muke cajin wayar sauraron nasa da janareta mun san inda ke masa ƙaiƙayi. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 ya same su suna zagayen wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida na wani lokaci. A zaman jiran nan suka sake naɗar waƙoƙin da jitar katako, ba wuta, abin da ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice. Shi nake bai wa yayyenmu masu cewa kansu ba ya ɗaukar ƙara.

Na sha lura cewa wanda ya tashi da sauraron Shata da Ɗan Maraya ya fi saurin kama wannan kiɗa a kan yaron da ya tashi da waƙoƙin Legas. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jitar Abzinawa a kan muryoyi biyar take tafiya, irin tafiyar da kunnenmu ya saba ji a garaya da molo da gurmi. Makaɗin yakan bar tsirkiya ɗaya tana gunji ba ta canzawa, sauran suna zance a kanta. Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa, da tsirkiya ɗaya tal a kan kuntigi ya zaga duniya har ya koma ga Mahaliccinsa a 2015. Ɗauki gurmin Haruna Uji na Haɗeja ka jona masa wuta, ka ajiye mai ganga a bayansa, ba za ka yi nisa da Agadas ba.

Akwai kuma abin da muka rasa ba mu yi makokinsa ba. Shata ba shi kaɗai yake tafiya ba, da makaɗansa da 'yan amshinsa yake, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Tun da fiyanon Yamaha ya zauna daram a situdiyoyin Kano a shekarun 1990, mutum ɗaya ya zama shi ne mai kalangu, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge. Ba raini ba ne. Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker suna da murya, suna da kalmomi, ni ma suna cikin wayata. Sai dai a yawancin bukukuwanmu yanzu waƙar da aka riga aka naɗa ake sakawa, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bin ta. Abin da ƙungiyar rok ke dawo wa kunne da shi shi ne hannuwa da yawa a kan kiɗa ɗaya, da ɗan kuskuren da ke nuna maka mutane ne. Kuma kada a ce babu masu yin haka a garin nan. Bi ta Yelwa ranar Lahadi da safe, ka ji jita da bes da ganguna suna tashi daga majami'u, da Hausa ake waƙar, samari ne ke kaɗawa da hannunsu. Maƙwabciyarmu Jos ta fitar da irin su Jeremiah Gyang mai Na Ba Ka, da Bez mai kundin Super Sun na 2011, wanda ya cancanci a tura wa duk mai son kiɗan da ya kauce wa na kasuwa.

In aka koma ga kiɗan Abzinawa, Tinariwen su ne iyayen tafiyar, kuma ba a ba wa mai gaggawa su. Abzinawan arewacin Mali ne da suka haɗu a gudun hijira, a Tamanrasat ta Aljeriya wajen 1979, daga baya a sansanonin Libiya. Jagoransu Ibrahim Ag Alhabib yana ƙaramin yaro aka kashe mahaifinsa a tawayen 1963. Shekara da shekaru waƙoƙinsu a kaset suke yawo, wannan ya kwafa ya ba wancan, babu shago, babu kamfani. Kundinsu Tassili, da suka naɗa a cikin hamadar kudu maso gabashin Aljeriya, shi ya ci kyautar Grammy a 2012. Ni dai a wurina Aman Iman na 2007 ya fi shi. Kiɗa ne mai nauyin tafiya, muryoyi a ƙasa-ƙasa, tafi da amshin mata a sama. Lokacinsa daren bazara, an ɗauke wuta, an fito da tabarma tsakar gida.

Direbobi kuwa Bombino nake ba su. Ɗan yankin Agadas ne, an haife shi a 1980, tawayen 2007 ya kora shi Burkina Faso, ya dawo gida a 2010. Nomad na 2013, wanda Dan Auerbach na ƙungiyar The Black Keys ya naɗa masa a Nashville, kiɗan hanya ne. Sa shi kana fita daga gari ta hanyar Jos, zai ƙare kafin ka kai Magama Gumau, ka sake sa shi daga farko. A dai riƙa duban allurar gudu, don yana sa ƙafa ta yi nauyi a kan totur. Deran na 2018 ya sa shi zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin masu takarar Grammy.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi a cikinsu duka ba shi da irin wannan suna. Etran de L'Aïr 'yan'uwan juna ne, makaɗan biki a Agadas tun 1995, masu ɗaukar kayansu daga gidan ɗaurin aure zuwa gidan suna. Kundinsu No. 1 na 2018 a fili aka naɗe shi, kana jin tafi da guɗa da hayaniyar jama'a a ciki, ba wanda ya goge. Babu tawaye a nan, babu dogon tunani, rawa ce zalla. Idan abokinka ya ce kiɗan Abzinawa duk baƙin ciki ne, wannan za ka sa masa ka yi shiru.

Mata ma suna da nasu, kuma a nan ne na ga an fi saurin cewa "tura min". Les Filles de Illighadad 'yan wani ƙauye ne a yankin Abalak. Fatou Seidi Ghali a kan jitar ɗan'uwanta ta koya wa kanta. Abin da suka yi shi ne suka ɗauko tende, kiɗan matan Abzinawa da ake yi da turmi an ɗaure masa fata, da ƙwaryar da ake kifawa a kan ruwa, suka aza jita a kai. Duk wadda ta taɓa zama a wurin amada, ko ta tashi da kaset ɗin Barmani Choge a ɗakin mahaifiyarta, za ta gane ƙwaryar nan tun bugun farko. Eghass Malan na 2017 shi ne na nema.

Sai Tal National na Yamai, waɗanda ba Abzinawa zalla ba ne, taron ƙabilun Nijar ne: Hausa, Zabarmawa, Fulani, Abzinawa. Jagoransu, wanda aka fi sani da Almeida, ya yi zamani yana alƙali da rana, makaɗin jita da dare, abin da da wuya a yarda da shi a nan. Suna haɗa kalangu da gangunan Turawa, jitocinsu na sarƙewa da juna cikin gudu har sai ka rasa inda ɗaya ta tsaya ɗaya ta ɗauka, kuma kana tsintar Hausa a bakinsu. Kaani na 2013 da Tantabara na 2018 duk suna da kyau, amma Kaani ya fi zama a kunne.

Abin da yakan ba samari mamaki shi ne idan na ce musu Nijeriya ma ta yi zamanin rok, kuma ba ƙarami ba. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ƙungiyoyi suka ɓarke, musamman a gabas da Legas. The Funkees daga Aba suke. BLO mutum uku ne, Berkley Jones da Laolu Akins da Mike Odumosu, suka fitar da Chapter One a 1973. Ofege kuwa 'yan makarantar sakandare ne ta St. Gregory's a Legas, yara ƙanana, suka yi Try and Love, kundin da har yau in ka sa shi sai an tambaye ka 'yan wace ƙasa ne. A cikin 1973 ɗin nan Paul McCartney ya zo Legas ya naɗi Band on the Run a situdiyon EMI, shi kuma Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya riga ya tare a garin yana aiki da Fela. Arewa ba a bar ta a baya ba. A tarin nan mai suna Nigeria 70 da aka fitar a 2001 akwai Sahara All Stars ta Jos, akwai Bala Miller da waƙarsa ta Hausa, Ikon Allah, akwai Bongos Ikwue wanda ya yi karatu a Zariya. Abin takaicin shi ne kamfanonin Ingila da Amurka ne suka bi suka tono faya-fayen nan suka sake buga su, irin su Nigeria Rock Special na 2008 da Wake Up You! na 2016, mu kuwa namu kwafin sun narke a rana ko gara ta cinye kwalayensu.

Sai mutum ya ƙoshi da waɗannan nake buɗe masa ƙofar Turawa, kuma da Dire Straits nake farawa, kundinsu na farko na 1978. Mark Knopfler da yatsu yake kaɗawa, ba ya gaggawa, ba ya cika wuri da ƙara. Bombino kansa ta kallon bidiyonsa da na Jimi Hendrix ya gyara hannu, saboda haka wanda ya zo ta Agadas ba zai ji baƙunta ba. Hendrix, shi ma bahago kamar Mdou, Are You Experienced na 1967 ya isa. Waɗanda suka yi ATBU ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji a shekarun 2000 ba sai an gaya musu Linkin Park ba, sun sha jin Hybrid Theory a ɗakunan kwanan ɗalibai. Yanzu in sun sa shi, ƙuruciyarsu suke saurare, ba kiɗan ba. Nirvana sun yi suna da Nevermind na 1991, amma wanda suka yi a zaune da jitar katako, MTV Unplugged in New York na 1994, shi ya fi shiga jiki. OK Computer na Radiohead, 1997, gwaninta ce tsantsa, sai dai ba na ba wa wanda ke cikin damuwa. Coldplay kuwa ba sai na tura ba, za su same ka da kansu. Gargaɗi ɗaya: wasu daga cikin waƙoƙin Turawan nan akwai kalmomin da ba a sakawa a gaban surukai, a fara ji da iyafis tukuna.

Abu biyu ke kashe wannan kiɗa a hannunmu. Na farko sifikar waya. Ba ta fitar da bes, ba ta fitar da babbar ganga, abin da ke saura tsiwar jita ce kaɗai, shi ya sa mutum zai ji rabin minti ya ce hayaniya ce. Ko 'yar sifikar Bluetooth ɗin nan da ake sayarwa a Wunti aka jona, sai ka ga fuska ta canza. Na biyu tsinto waƙa ɗaya daga cikin kundi. Masu kiɗan nan jera waƙoƙinsu suke yi da niyya, mai zafi ta bi mai sanyi, ta ƙarshe ta sauke ka. Tura wa mutum guda ɗaya daidai yake da ka kai baƙo gidan masa a Bauchi ka saya masa ƙwaya ɗaya, ba miya. A tura duka, a kuma ba shi minti arba'in da ba a kiran waya, ba a kusa da lokacin salla ba, kada a katse a tsakiya.

Wanda datarsa ba za ta ɗauki wannan duka ba, ya sauke Afrique Victime da Kaani da Try and Love. Sauran su jira ƙarshen wata.